Jirgin Dutsen Da Bai Taɓa Barin Gaɓa Ba

A shirinmu na yau zan kai ku birnin Beijing na ƙasar Sin, wani lambun sarakuna da na taka da ƙafata. Sinawa na kiran sa Yiheyuan, nan ne sarakunan daular Qing ke zuwa shan iska idan zafi ya tsananta.

Abin da ya fara ɗaukar idona ruwa ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na wurin tafki ne, Tafkin Kunming, kuma da hannu fa aka faɗaɗa shi. Sarki Qianlong ne ya sa aka fara aikin a 1750, don karrama mahaifiyarsa da ke shirin cika shekara 60. Na bi wata doguwar rumfa a bakin ruwan, tsawonta mita 728, ɗauke da zane-zane sama da 14,000. Sai da wuyana ya gaji da kallon sama.

Can kusa da ƙarshen rumfar na ci karo da abin da ya sa na yi wannan shiri: jirgin ruwa mai tsawon mita 36, gindinsa na dutse. Ba ya motsi, bai taɓa zuwa ko'ina ba. Sinawa na da tsohon misali da ke kwatanta talakawa da ruwa, mulki kuma da jirgi, wato ruwan da ya ɗauke ka shi ne zai iya kifar da kai. To jirgin dutse kuwa, wa zai kifar da shi?

Amma ku ji yadda ta kaya. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka shigo Beijing, suka banka wa lambun wuta. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, Cixi, matar da ke riƙe da akalar mulki a bayan fage, ta sa aka sake gina shi, ta kuma raɗa masa sunan da yake amsawa yau a 1888. Wani ɓangare na kuɗin aikin daga asusun rundunar sojan ruwa aka ɗebo shi. Shi kansa jirgin an gyara shi a 1893.

Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1894, yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan. Zuwa farkon 1895 Japan ta murƙushe rundunar jiragen yaƙin Sin ta arewa, aka tilasta wa Sin ta miƙa tsibirin Taiwan, ta kuma biya diyya mai nauyi. Masana tarihi har yau suna gardama kan yawan kuɗin da aka karkatar, kuma ba shi kaɗai ya jawo shan kashin ba. Amma dai kun ga, jiragen gaske sun nutse, na ado yana nan daram. Daular kanta ta kife a 1912.

Ina tsaye a wurin, masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto suna dariya, ni kuma jikina ya yi sanyi. Wurin ya haɗu, babu ƙarya, shi ya sa UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1998. Sai dai matuƙan da suka mutu a teku ba su taɓa shan iskar wannan tafki ba.

To ku a ganinku, kyan abin da aka bari yana wanke yadda aka samo kuɗinsa? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.