Birin Sin da Gizon Mu

Ya kai mai karatu, ka san ƙasar Sin? Tana can gabas mai nisa. A shekara ta 629, wani malamin addinin Buda mai suna Shuwanzang ya bar Sin, ya nufi Indiya neman ilimi. Ya ratsa hamada da duwatsu. Sai a 645 ya komo gida, ɗauke da littattafai 657.

Bayan rasuwarsa, masu ba da labari suka riƙa faɗin tafiyarsa a kasuwa da dandali. Kowa ya ƙara nasa gishiri. Har suka yi masa abokin tafiya, wani biri mai wayo kamar Gizo, sunansa Sun Wukong. A 1592 aka buga labarin cikin littafi mai babi 100, mai suna "Tafiya zuwa Yamma". Har yau yaran Sin suna karanta shi.

To, mu fa? Labaranmu da yawa suna bakin tsofaffi, tsofaffi kuwa tafiya suke yi. Marigayi Bubu Hama ya hango wannan asara, ya tara tsofaffin rubuce-rubuce a Yamai. A 1968 kuma aka buɗe wata cibiya nan Yamai don adana tarihin baka.

Amma cibiya ba ta iya kaiwa kowane ƙauye. Kai da ka iya rubutu yanzu, zauna gaban kakarka da dare. Tambaye ta wa ya kafa garinku, wa ya gina rijiyar farko. Rubuta abin da ta faɗa, ko layi biyar ne, ka adana wa jikokinka.