Rijiyar Ruma da haƙƙin wanda gudu ya kawo



Ku mutanen Gaya kun san idon wanda aka raba da gidansa. A ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, dubban 'yan Dahomai da aka kora sun ƙetare kogi zuwa Malanbil. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, 'yan uwanmu suka komo da ƙunshin kaya a ka. Irin wannan baƙo, ruwa yake fara nema.

Haka aka yi a Madina bayan Hijira a 622. Da Muhajirai suka sauka, ruwan daɗi ya yi ƙaranci, sai Sayyidina Usman, Allah Ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma ya mai da ita wakafi. Abdurrahman bin Auf kuwa kasuwa ya nemi a nuna masa, ya ci guminsa.

Darasin bai tsufa ba. Daga 2019, da 'yan bindiga suka koro mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, an tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, inda baƙo da ɗan gari ke ɗiban ruwa wuri guda.

To, kada ku raina ƙaramin taimako: gyaran famfo, randa a ƙofar masallaci, gidan sauro, ko ɗan jarin da bazawara za ta soya ƙosai. Ku duba unguwarku kafin Juma'a.

Allah Ya karɓa. Amin.