Telefang: Dodannin da Ake Kira a Waya

A 1996 Pokémon ya fito a Japan, kamfanoni suka yi ca a kan wasan tara dodanni a na'urar hannu ta Game Boy. Cikin waɗanda suka biyo sahu akwai Keitai Denjuu Telefang, wanda kamfanin Natsume ya ƙera, Smilesoft ya fitar a watan Nuwamban 2000, iri biyu: Power da Speed.

Dabararsa daban ce. Ba a kama dodo a kulle shi cikin ƙwallo kamar a Pokémon. Idan yaro ya ci dodo a fafatawa, sai dodon ya ba shi lambar wayarsa, ranar faɗa kuma ya buga masa ya kawo ɗauki. A shekarun da wayar salula ke mamaye Japan, wannan ba ƙaramar basira ba ce.

Sunan da ya yi a ƙetare kuwa, 'yan jabu ne suka yi masa. Sun fassara shi zuwa gurgun Turanci, suka liƙa masa sunan Pokémon Diamond da Pokémon Jade, suka watsa a kasuwanni. Yara da dama sun saya suna zaton na gaske ne, ga shi kaset ɗin kan ƙi dawo da wasan da aka ajiye. Pokémon Diamond na ainihi sai 2006 ya fito, a Nintendo DS.

An yi Telefang na biyu a 2002, daga nan shiru. Wanda ya ga kaset mai sunan Jade, a Wagadugu ko a Kano, ya sani Telefang ne.