Takobin da Aka Mayar Kube a Marnona

Duk lokacin da aka ce an yi sulhu bayan yaƙi, hankalinmu kan tafi ga manyan da suka zauna bisa tabarma. Ba kasafai muke tambayar inda masu tsaron ƙofarsu suka kwana ba. Amma a gabashin Sakkwato wannan tambaya ta taɓa tasowa, fiye da shekara 120 da suka wuce.

Wurno garin yaƙi ne tun asali. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa shi wajen 1830 a matsayin ribaɗi, don ya tare Gobirawa daga arewa, a nan kuma ya rasu a 1837. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ya mayar da shi mazauninsa. Mutanen ribaɗi, a Wurno da Rabah da makamantansu, manoma ne da damina, mayaƙa da rani. Fada kuwa tana da nata: dogarai, barade, 'yan lifidi da 'yan bindiga, da yawansu bayin sarki ne, ci da sutura da doki duk daga hannun ubangida.

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da niyyar hijira, har ya kwanta dama a Burmi ranar 27 ga Yuli. Waziri Muhammadu Buhari kuwa ya tsaya a Marnona, kusa da Wurno, tare da jama'a. A nan ya yi shawara da malamai, aka tsayar cewa a yi sulhu da Nasara domin a tsare addini da rayuka. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tabbatar da Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba, bisa gadon sarauta.

Sulhun mai nasara ne da wanda aka rinjaya. An bar wa sarki rawaninsa, da salla da kotunan alƙalai, aka karɓe ikon yaƙi da na kama bayi. To, ya aka yi da mayaƙan?

Kashi uku suka rabu. Na farko mutanen ribaɗi, su ne suka fi samun sauƙi, domin gonakinsu da fadamun gulbin Rima suna nan. Aka rataye kwari da baka, aka ɗauki fartanya. Na biyu bayi, waɗanda da dama suka ga ƙofa a buɗe suka kama hanyar garuruwansu ko inda ba a san su ba. Na uku dogarai. Su ba a sallame su ba, aiki aka sauya masu: kama mai laifi, tsaron gidan yari, rakiyar masu karɓar haraji da jangali. Daga baya aka fitar da 'yan doka masu kaki da albashi daga baitulmali, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da gwamnatin Yakubu Gowon ta narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya.

Kada mu ɗauka an wanye lafiya. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, talakawa da bayin da suka gudu, suka kashe Turawa 3 da sojoji sama da 20. Nan take waɗanda suka hana sarki yaƙi suka buƙaci dawakinsa. Marafa Muhammadu Maiturare ya fita da mahaya, kuma ranar 10 ga Maris aka shafe Satiru. Takobin da aka mayar kube a Marnona, da aka sake zare shi, wuyan talaka ya sauka.

Maƙwabtanmu sun ga ɗaya fuskar lamarin. A Nijar, dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ne suka harbe Ibrahim Ba'are Mainasara ranar 9 ga Afrilu 1999, su ne kuma suka tsare Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. A Burkina Faso, rundunar da ta tsare Blaise Compaore ta ji ana shirin rusa ta, sai ta yi yunƙurin juyin mulki a Satumban 2015, kafin a wargaza ta a watan. Mai gadin da ya saba ci daga hannun mutum ɗaya, barinsa haɗari ne, korarsa hannu rabbana ma haɗari ne.

Wannan tarihi ya shafe mu yau. Mun ga abin da aka yi a Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018, da kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Bindiga ta yi yawa a hannun 'yan daji, da 'yan sa-kai, da askarawa. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake shimfiɗa tabarmar sulhu. A 1903 wanda ya koma gona ya koma ne don yana da gonar, dogari kuma ya tsaya don an ba shi aiki da abin sakawa a baka. Yau gonaki da dama sun zama kufai, shanu sun ƙare. Kafin mu ce wa saurayi ya ajiye bindiga, sai mun tanadi abin da zai ɗauka a madadinta, mu kuma san wanda zai hukunta shi idan ya sake zare ta.