Bombino

Omara Moctar, wanda duniya ta fi sani da Bombino, makaɗin jita ne kuma mawaƙi, Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar. An haife shi a 1980 a Tidene, kusa da Agadas. Tawayen Abzinawa na 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya, a can ya fara taɓa jita, ya ƙara gogewa a Libiya yana sauraron Jimi Hendrix da Mark Knopfler.

Da ya dawo Agadas ya shiga ƙungiyar kiɗan Haja Bebe, inda ƙuruciyarsa ta jawo masa laƙabin Bombino. A 2006 ya bi ƙungiyar Tidawt zuwa Kalifoniya. Sai wani sabon tawaye ya ɓarke a Nijar a 2007, aka kashe abokan kiɗansa biyu, ya tsere Burkina Faso. Bai dawo gida ba sai 2010.

Da Tamashek yake waƙa, a kan gudun hijira da kewar hamada, hannunsa kuwa akwai sauri da tsabta. Faifansa Nomad ya fito a 2013, Deran na 2018 kuma ya sa shi zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy.