Kuɗin jana'iza a gida da ƙetare: abin da ya zama dole, abin da ba dole ba, da yadda ake tambayar farashi

Da wuya mako ya wuce ba mu karanta sanarwar rasuwa a wannan gidan rediyo ba. Mu faɗi sunan mamaci da garinsu da lokacin sallah, mu yi addu'a, mu wuce. Abin da ba ya shiga sanarwa shi ne lissafin da iyali ke yi bayan jama'a sun watse: buhu nawa aka buɗe, akuya nawa aka kai kasuwa, bashin wa aka ci. Mutuwa rigar kowa ce, shi ya sa muka tattara wannan bayani domin mutanenmu na Sarkin Yamma da kewaye, da ƴan uwa da ke bida a Kano, Legas, Abijan, Libiya, Faransa da Amurka. A taƙaice, nan gida binne mamaci ba ya da tsada, hidimar da ke biyo baya ita ke cin dukiya. A ƙasashen Turawa kuwa binnewar kanta ita ce mai tsada, kuma wanda bai tambaya ba shi ke biya da yawa.

Abin da ya zama dole

Haƙƙin mamaci a kan Musulmi huɗu ne: wanka, likkafani, sallah, da binnewa. Farilla ce ta jama'a, in wasu suka yi ta sauka daga kan sauran. Idan muka duba su ɗaya bayan ɗaya, kuɗin da ke ciki kaɗan ne.

Wanka yana buƙatar ruwa, sabulu ko ganyen magarya, da ɗan turare. A ƙauyukanmu masu wanka ba sa yanka farashi, abin da aka ba su alheri ne. Sallah ba a biyanta. Kabari samarin gari ke haƙawa da magirbi da shebur, filin maƙabarta na gari ne, makara kuma tana masallaci. Abin saye na sosai shi ne farin yadi na likkafani, sai itacen da ake jerawa a rufe ramin ciki, wanda yanzu ya soma wuya saboda dajin ya ja baya.

Littattafan mazhabar Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun so likkafani ya zama mara, wato uku, biyar ko bakwai. Amma ƙyalle ɗaya da ya rufe jiki ya wadatar ga wanda ba shi da hali. An sa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin fararen tufafi uku. Sahabi Mus'ab ɗan Umairu kuwa, da ya yi shahada a Uhudu, mayafinsa bai kai ya rufe shi duka ba, sai aka rufe kansa da shi aka sa ciyawa a ƙafafunsa. To wanda ya sayi yadi mai sauƙin kuɗi bai tauye mamacinsa da komai ba.

Ƴan uwanmu Kirista na yankin Maraɗi ma binnewa suke yi, sai dai galibi akwai ƙarin kuɗin akwati wurin kafinta.

Inda kuɗin ke tafiya

Na farko mota ce. Wanda ya cika a ɗakinsa, kafaɗun mutane ke kai shi. Wanda ya cika a asibitin Madarunfa ko a manyan asibitocin Maraɗi, sai an nemi abin da zai maido shi gida. A nan ne ake yawan cutuwa, don mai baƙin ciki ba ya ciniki, kuma direba ya san ana sauri. Da damina, in hanya ta ɓaci ko Gulbi ya kawo ruwa, farashi ya ƙara hawa. Daga Yamai kuwa tafiyar ta wuce kilomita 600. Shawararmu ita ce kada ɗan mamaci ko matarsa su yi wannan magana da kansu. A wakilta kawu ko maƙwabci mai sanyin kai, ya tambayi direba biyu ko uku, ya ji ko kuɗin mai na ciki, ya ji ko zuwa da dawowa ne. Mu da ke kusa da iyaka sai a ƙara tambaya ɗaya: da sefa ake magana ko da naira? Jaka goma a bakin mutumin Maraɗi daban take da dubu goma a bakin mutumin Jibiya.

Na biyu, kuma shi ne babba, abincin zaman makoki. Baƙi na zuwa daga nesa, ana dama fura, ana tuƙa tuwo, ana dafa shinkafa, ga goro, ga sukari da ganyen shayi, ga gumba da waina na sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in. Mu yi lissafi da ma'aunin da kowa ya sani. Buhun hatsi tiya 40 ne. A ce gida na cin tiya 2 a rana, buhu ɗaya abincin kwana 20 ke nan. In makoki ya cinye buhu biyu, an cinye abincin marayu na kwana 40. Idan rasuwar ta faɗo tsakanin watan Yuni da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hatsi ya yi tsada, wannan hatsin da bashi za a maye shi, a biya da kaka. Daga nan ake kai ga sayar da tunkiyar uwar gida, ko jinginar da gona. A ƙasar Madarunfa, inda mutane suka yi yawa gonaki suka matse, gonar da ta tafi jingina ba kullum take dawowa ba.

Malamanmu sun saɓa a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Na Izala suna hanawa, da yawa daga malaman ɗariƙu da na zaure suna ganin sadaka ce da addu'a. Ba aikin rediyo ba ne ya raba wannan gardama. Amma akwai inda duka suka haɗu: ba a cin bashi don ita, ba a taɓa rabon maraya don ita. Kuma hadisi ya zo cewa ranar da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina, Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Wato asali maƙwabta ke ciyar da gidan rasuwa, ba gidan rasuwa ke ciyar da gari ba.

Daga dukiyar wa ake biya

Shari'a ta jera abin a tsare. Daga abin da mamaci ya bari, a fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa gwargwadon al'ada, ba ɓarna. Sai a biya bashinsa. Sai wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya rage shi ne gado. Abincin baƙi ba ya cikin wannan jerin. Magajin da ya balaga yana iya yin sadaka daga rabonsa, amma ba wanda ke da ikon yin kyauta da rabon yaro ƙarami, kuma Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a Suratun Nisa'i kan cin dukiyar marayu. A tuna kuma da matar mamaci: takabarta wata huɗu da kwana goma ne, ita da ɗiyanta za su ci abinci duk tsawon wannan lokaci, bayan masu gaisuwa sun daɗe da komawa gidajensu.

Takardar mutuwa

Mutane da yawa ba sa kula da ita sai ranar da aka nema. Dokar rajistar jama'a ta Nijar ta shekarar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da rasuwa, kuma sanarwar kyauta ce. Ana yin ta a ofishin magajin gari ko a cibiyar sanarwa mafi kusa. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu, ga kuɗin mota, ga ɓata kwanaki. Ba tare da takardar ba, fansho, kuɗin banki da wasu shari'o'in gado duk suna tsayawa.

In rasuwa ta faru a ƙetare

A Najeriya, Gana, Kwaddibuwa da sauran ƙasashen da ke da zango ko unguwar Hausawa, a fara zuwa wurin sarkin Hausawa da limamin unguwa. Su suka san maƙabartar Musulmi da abin da ake biya. Alhajin da ya rasu a Makka ko Madina can ake binne shi, wannan tsohuwar al'ada ce.

A Turai da Amurka jana'iza sana'a ce ta kamfanoni. A Faransa dole ne a sa gawa cikin akwati, kuma tun 2024 wa'adin binnewa kwana 14 ne. Binciken ƙungiyar kare masu saye ta UFC-Que Choisir na 2019 ya nuna matsakaicin kuɗin binnewa ya kai yuro 3,815, ban da kuɗin filin kabari. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato wajen miliyan biyu da rabi ke nan. Filin kabarin ma haya ce ta shekara 15, 30 ko 50, in ba a sabunta ba hukumar gari na iya karɓe shi. Wasu garuruwa sun ware wa Musulmi ɓangare a maƙabarta, akwai kuma tsohuwar maƙabartar Musulmi ta Bobigny kusa da Paris. A Amurka, ƙungiyar masu kamfanonin jana'iza ta ƙasar ta ce a 2023 matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa dalar Amurka 8,300 ne, shi ma ban da filin kabari.

Wani abu da ba mu saba da shi ba shi ne ƙona gawa a mayar da ita toka. A Amurka fiye da rabin mamata haka ake yi musu yanzu, kuma kamfani na iya kawo shi a matsayin hanya mai rahusa. Musulunci bai yarda da shi ba, malamai ba su saɓa a nan ba. Ba kullum ma yake da arha ba: a binciken nan na Faransa ƙonawa ta kai yuro 3,986, ta ɗara binnewa. Ɗan uwa da ke zaune can, musamman mai aure da wadda ba Musulma ba ko wanda ke zaune shi kaɗai, ya rubuta a takarda cewa binnewa yake so bisa tsarin Musulunci, ya ba limamin masallacinsa da wani amintacce kwafi.

Kawo gawa gida

Wannan ya fi komai tsada. Ana buƙatar akwati na musamman mai rufin ƙarfe a ciki wanda ake liƙewa, da takardar izinin fitar da gawa, da takardun ofishin jakadanci, da kuɗin jirgi zuwa filin Diori Hamani na Yamai, sannan mota har gida. Kwanaki na tafiya, alhali sunna ita ce gaggauta binnewa, kuma shahidan Uhudu a inda suka faɗi aka binne su. Iyali su zauna su auna: miliyoyin da za a kashe a hanya, ko a bar wa marayu su? Wanda dai ya ƙudura a kawo shi gida, to ya shiga inshorar maido da gawa ko asusun ƙungiyar ƴan Nijar na garin da yake tun yana da lafiya.

Yadda ake kwatanta farashi

Matambayi ba ya ɓata, kuma doka na bayan mai tambaya. A Faransa an buɗe wannan sana'a ga gasa tun dokar 1993. Kowane kamfani dole ya ba da takardar farashi a rubuce, kyauta, wadda ake kira “devis”, kuma ta raba abin da doka ta tilasta da abin da yake na zaɓi. A asibitin da ke da ɗakin ajiye gawa, kwana ukun farko kyauta ne, don haka kada a yi saurin yarda a ɗauke ta zuwa ɗakin kamfani inda ake biya. Wanda ya rasu ba shi da komai, hukumar garin ce ke ɗaukar nauyin binne shi. A Amurka, dokar hukumar FTC da ta fara aiki a 1984 ta tilasta wa kamfani ya faɗi farashi ko ta waya, ya miƙa jerin farashi a rubuce, ya bar mutum ya zaɓi abin da yake so kawai, kuma ba ya cajin ƙari don an sayo akwati a wani wuri.

Ko ina ne, ga abin da za a riƙe. A tambayi wuri uku kafin a sa hannu. A tabbata abu iri ɗaya ake kwatantawa, don mai arha wani lokaci ya cire kuɗin kabari ne ko na haƙa. A nemi akwati mafi sauƙi. A ƙi furanni, da kwalliyar gawa, da allurar hana ruɓewa in ba dokar tafiya ce ta tilasta ba. A tambayi masallaci, don da yawa suna da ɗakin wanka da masu aikin sa kai.

Ga masu aiko kuɗi, da mu da ke gida

Ɗan uwa na nesa da bai samu jana'iza ba yakan so ya rama da kuɗi, ya turo ta Nita ko Amana ko Al Izza ya ce a yi sadaka mai kyau. Allah ya saka. Amma ka faɗi abin da kuɗin zai yi: wanga na bashin mamaci ne, wanga na hatsin gida ne, wanga na karatun yara ne. Ka aika wa mutum ɗaya, a gaban shaida, a rubuta. Kuma ka raba aiken, don wata na uku bayan rasuwa ya fi kwana na uku buƙata.

Mu na gida kuma muna da abin koyi a hannunmu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi a 1991, sun saba ware ɗan asusun taimako ban da na rance. Kowane masallaci na iya yin irinsa: a ajiye turmin farin yadi, a zuba tiya ɗaya daga kowane gida da kaka, a yi magana da direba ɗaya tun kafin buƙata ta zo. Mai gari da liman su zauna da jama'a a yanke cewa kwana ukun farko maƙwabta ke kai abinci gidan rasuwa, in an yanke tare ba wanda zai ji kunyar an ce ya yi rowa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.