Takardar Toronto: yadda digirin ƙarya ya kayar da shugaban majalisar Najeriya

Yau za mu ɗan tsallaka iyaka mu koma shekara ta 1999, don abin da ya faru a Abuja a lokacin darasi ne har gobe.

Ranar 29 ga Mayu 1999 sojojin Najeriya suka miƙa mulki ga Olusegun Obasanjo. Farkon watan Yuni sabuwar majalisar wakilai ta zauna, ta zaɓi wani matashi ɗan Kano na jam'iyyar PDP, Salisu Buhari, ya zama shugabanta. Kujera ce babba, daga shugaban ƙasa sai mataimakinsa, sai shugaban majalisar dattawa, sai shi. A takardunsa an rubuta cewa an haife shi a 1963, kuma yana da digiri daga jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada. Aka yi ta murna, ana cewa ga yaro mai ilimi, ga jini a jika.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Yuli mujallar TheNews ta Legas ta fito da bincikenta. Abin da ƴan jaridar suka yi ba wani sihiri ba ne, tuntuɓar jami'ar kawai aka yi, ta ce ba ta ba shi wani digiri ba. Aka bi maganar haihuwa, aka tarar 1970 aka haife shi, ke nan shekarunsa 29, alhali a lokacin tsarin mulkin 1999 ya ce sai mai shekara 30 zai shiga wannan majalisa. Da farko ya musa, har ya ce zai kai mujallar kotu. Magoya bayansa suka ce hassada ce, jaridun kudu ne ke son ɓata ɗan arewa. Amma kafin watan ya ƙare sai ga shi gaban ƴan majalisa yana hawaye, ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, ya sauka. Bai cika wata biyu bisa kujerar ba. Aka zaɓi Ghali Umar Na'Abba, shi ma ɗan Kano, ya gaje shi.

Ga inda abin yake da ban takaici. Dokar Najeriya ba ta ce sai mai digiri zai zama ɗan majalisa ba, karatun sakandare ya wadatar. Wannan digirin na Toronto ba tilas ba ne, ado ne kawai aka ɗora don a burge mutane. Kuma adon ne ya jawo aka tono sauran.

Kotu a Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara 2 ko tarar naira 2,000, ya biya ya tafi gida. Daga baya Obasanjo ya yi masa afuwa. A 2013 kuma gwamnatin Goodluck Jonathan ta saka shi cikin hukumar gudanarwar jami'ar Nsukka. Ku ji fa, jami'a! Abin da ya rage wa talaka shi ne kalmar ba'a: a Najeriya in aka ce takardar wane "Toronto" ce, kowa ya san jabu ake nufi.

Sai dai mu yi adalci, ba kowane zargi ne gaskiya ba. A zaɓen 2015 an yi ta ce-ce-ku-ce kan takardar sakandaren Muhammadu Buhari, wanda ya gama makarantar Katsina a 1961. A 2018 hukumar jarrabawa ta WAEC ta miƙa masa takardar shaida, a 2019 kuma kotuna suka ce ya cancanci tsayawa takara. Bambancin a fili yake: a nan makaranta da hukuma sun shaida, a can jami'a ta ƙaryata.

Mu nan Nijar me ya shafe mu? Ya shafe mu ƙwarai. Zamanin su Diori Hamani da Boubou Hama, waɗanda suka fito makarantar William Ponty ta Senegal, ƴan boko ba su da yawa, kowa ya san inda kowa ya yi lakwal da wanda suka zauna banci ɗaya da shi. Yau kuwa difloma na shigowa daga ko'ina, wata ma ta intanet. Kuma mun tuna tsarin mulkin jamhuriya ta 7, na Nuwamba 2010, ya shar'anta cewa kashi 75 cikin 100 na ƴan takarar depite a kowace lista su kasance suna da BEPC ko makamancinta. Duk inda takarda ta zama mabuɗin kujera, dole a samu masu neman ta ta bayan gida.

Shi ya sa muke cewa, in ɗan siyasa ya ce shi dokta ne ko injiniya, ba raini ba ne a tambaye shi: wace makaranta, wace shekara, su wa kuka gama tare? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Mu ma kafin mu tura zargi a WhatsApp, mu tambayi kanmu ko makarantar ce ta yi magana, ko kuwa wani ne mai jin haushi ya zauna ya rubuta.

Rashin difloma ba abin kunya ba ne. Muna da dattawa da malaman zaure da ƴan kasuwa da ba su taɓa shiga aji ba, kuma sun riƙe amanar jama'a. Abin kunya shi ne ƙaryar. Wanda ya yi mana ƙarya kan shekarunsa da karatunsa tun bai hau ba, yaya za mu yarda da lissafinsa ranar da aka damƙa masa kuɗin rijiya da na gidan likita?

Allah ya ba mu shugabanni masu gaskiya, mu ma ya sa mu zama masu ita.